Yadda ake gane murabba'i nawa lamba take buƙata, da jerin lambobin da ke fitowa daga wannan lissafi

Murabba'i shi ne abin da kake samu idan ka ninka lamba da kanta: 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100, haka har ba iyaka. Ɗauki kowace lamba ka ce za ka haɗa ta da murabba'ai zalla. 13 za ta ba ka 9 + 4. 14 sai da uku, 9 + 4 + 1. Ita kuwa 15, duk juyin da ka yi, ba za ta sauka ƙasa da huɗu ba: 9 + 4 + 1 + 1. Idan ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya kana rubuta mafi ƙarancin murabba'an da kowacce ke buƙata, daga 1 zuwa 32 ga abin da zai fito:

1, 2, 3, 1, 2, 3, 4, 2, 1, 2, 3, 3, 2, 3, 4, 1, 2, 2, 3, 2, 3, 3, 4, 3, 1, 2, 3, 4, 2, 3, 4, 2

Babu 5 a ciki, kuma ba za ta taɓa bayyana ba. Masanin lissafi Lagrange ne ya kawo hujjar haka a 1770: kowace lamba, komai girmanta, murabba'ai huɗu sun ishe ta. Bachet ya riga ya faɗi maganar a 1621 ba tare da hujja ba. Saboda haka amsa kullum ɗaya ce daga cikin 1, 2, 3 da 4, aikinka shi ne ka gane wacce ce ba tare da lalube ba. Wannan jagora ta ɗalibin da ke karatun lissafi ce a Samaru, da malamin sakandare da ke neman abin da zai ba 'yan kulob ɗin lissafi su yi da hannunsu. Littafin rubutu mai layin murabba'i, fensir da kalkuleta sun wadatar.

Kafin komai, tsayar da abin da kake ƙirgawa

Yawancin gardamar da ake yi a kan wannan lissafi daga nan take tashi, mutum biyu kowa da gaskiyarsa amma ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Tambayoyi huɗu ne, ka rubuta amsarsu a saman shafi. Sifili yana cikin murabba'ai ko babu? Ana kallon 9 + 16 da 16 + 9 a matsayin hanya ɗaya ko biyu? Ana ƙirga lambobi masu alamar ragi, tunda −3 ma murabba'inta 9 ne? An yarda murabba'i ɗaya ya maimaitu, kamar 9 + 9?

Dubi 25. Idan babu sifili, hanya ɗaya ce tak: 9 + 16. Idan an saka sifili, biyu ce, da 0 + 25. Idan kuma ana ƙirga jeri da alama, hanyoyi 12 ne: takwas daga 3 da 4, huɗu daga 0 da 5. Duka amsoshin daidai ne, kowacce tana cikin nata jerin lambobin.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi

Hankali yana ba mutum cewa ya cire murabba'i mafi girma da zai shiga, sannan ya sake yin haka da abin da ya rage. Dabarar mai shago ce wajen ba da canji, kuma da takardun naira tana aiki sarai, domin an tsara 1000, 500, 200, 100, 50, 20, 10 da 5 yadda za ta yi aiki. Murabba'ai ba a tsara su haka ba. A kan 12 dabarar za ta ba ka 9 + 1 + 1 + 1, alhali 4 + 4 + 4 ya fi gajarta. A kan 32 za ta ba ka 25 + 4 + 1 + 1 + 1, guda biyar, alhali 16 + 16 ne kawai. Da zarar ka ga biyar ka san an yi ɓata, tunda Lagrange ya ce huɗu ne iyaka.

Ita ma wannan gurguwar dabara tana da nata jeri mai ban sha'awa. Lambobin farko da take kashe wa murabba'i 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7 su ne 1, 2, 3, 7, 23, 167, 7223. Duba ta ƙarshen: 85² ya kai 7225, ya zarce da biyu kacal, dole a sauko 84² wato 7056, saura 167, daga 167 a cire 144, saura 23, daga 23 a cire 16, saura 7, sai 4 + 1 + 1 + 1. Bakwai ke nan. Amsar gaskiya huɗu ce: 83² + 18² + 3² + 1².

Mataki na farko: lambar murabba'i ce da kanta?

Dubi lambar ƙarshe. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Idan ta tsallake wannan, ɗauki tushenta (√, wato lambar da aka ninka da kanta ta ba da ita) a kalkuleta, ka yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ninka abin da ya rage da kansa ka gani ko ya dawo daidai. Kada ka tsaya ga abin da fuskar kalkuleta ta nuna. Mai nuna lambobi goma za ta ce maka tushen 10,000,000,001 shi ne 100000 cif, domin ɗan ragowar ya faɗa can bayan inda take iya nunawa. Excel ma lambobi 15 yake riƙewa. Idan lambar murabba'i ce, kamar 2025 da take 45², amsa 1, an gama.

Mataki na biyu: gwajin huɗu

A nan mutane ke mamaki, don me za a tsallake biyu da uku a je huɗu? Don shi ne mafi sauƙi, ko minti ɗaya ba ya ci. Raba lambar da 4, ka ci gaba da rabawa muddin tana rabuwa ba saura. Inda ta tsaya, raba ta da 8 ka dubi saura. Idan saura 7 ne, amsa 4. Idan ba 7 ba ne, uku sun isa, ko ƙasa da haka.

2023: ba ta rabuwa da 4, 8 sau 252 ya ba da 2016, saura 7. Huɗu take buƙata. 112: raba da 4, 28, sake rabawa, 7, amsa 4. 2024: raba da 4, 506, ba ta ƙara rabuwa, 506 a raba da 8 saura 2. Ba ta buƙatar huɗu.

Dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yaro ɗan aji huɗu na sakandare zai iya bin sa. Raba murabba'ai da 8 ka rubuta saura: 1, 4, 1, 0, 1, 4, 1, 0. Ba ka da komai sai 0, 1 da 4. Ɗauki uku daga cikinsu ka haɗa ta kowace fuska: za ka iya samun 0, 1, 2, 3, 4, 5 da 6, amma 7 ba ta fitowa. Zancen rabawa da 4 kuma, idan murabba'ai uku suka haɗu suka ba da lamba mai rabuwa da 4, dole tushensu duka ya zama cika, ba mara a ciki, don haka kana iya raba kowanne da 2 ka samu hanyar rubuta rubu'in lambar. Abin da ya gagari 7 ya gagari 28, ya gagari 112, ya gagari 448. Wannan rabin hujjar ne mai sauƙi. Ɗaya rabin, cewa duk sauran lambobi suna rubutuwa da uku, shi ne mai wuya. Legendre ya fito da shi a ƙarshen ƙarni na 18, Gauss kuma ya kafa shi sosai a littafinsa na 1801.

Abin da ke lalata wannan mataki shi ne rabawa da 2 maimakon 4. 14 ninkin 7 ce, amma 9 + 4 + 1 ne. 56 ma, raba da 4 ka samu 14 ka tsaya nan: 36 + 16 + 4. Jerin masu buƙatar huɗu ya fara haka: 7, 15, 23, 28, 31, 39, 47, 55, 60, 63, 71, 79, 87, 92, 95, 103, 111, 112. Idan naka ya ƙunshi 14 ko 56, ka raba da 2 a wani wuri. Idan babu 28 da 60, ka manta rabawa da 4 gaba ɗaya.

Mataki na uku: gwajin biyu

Nan ne aikin yake. Dole ka farfasa lambar zuwa lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Firam kashi uku ne a wannan lissafi. Akwai 2, ita kaɗai, kuma ba ta da matsala tunda 1 + 1 ce. Akwai masu barin saura 1 idan an raba su da 4: 5, 13, 17, 29, 37, 41, 53, 61. Kowaccensu tana rubutuwa da murabba'i biyu, ta hanya ɗaya tak. Fermat ya rubuta wannan a wasiƙarsa zuwa ga Mersenne ranar 25 ga Disamba 1640, Euler ya kawo hujjar bayan fiye da shekara ɗari. Sai masu barin saura 3: 3, 7, 11, 19, 23, 31, 43, 47. Su ne masu kawo cikas.

Ƙa'idar ita ce: lamba tana rubutuwa da murabba'i biyu idan kowace firam mai saura 3 ta fito a cikinta sau cika (sau biyu, sau huɗu, ko ba ta fito ba sam). Ko guda ɗaya ta fito sau mara, zance ya ƙare.

Gwada da 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. 1962 = 2 × 3 × 3 × 109. Uku ta fito sau biyu, ba laifi. 109 a raba da 4 saura 1. Don haka amsa 2. Gwada 2024 = 2 × 2 × 2 × 11 × 23. Ga 11 sau ɗaya, ga 23 sau ɗaya. Ba ta rubutuwa da biyu, mun riga mun ga ba ta buƙatar huɗu, saboda haka amsa 3. Babu wani gwaji na musamman na uku. Abin da ya tsira daga matakan nan duka shi ne mai uku.

Tarkon wannan mataki sananne ne. Mutum ya ji cewa lamba mai saura 3 ba ta rubutuwa da biyu, wanda gaskiya ne, sai ya juya maganar ya ɗauka duk mai saura 1 tana rubutuwa. Ga firam ne kawai haka take. 21 saura 1 take bari, amma 3 × 7 ce. Cire 1, 4, 9, 16 daga cikinta za ka samu 20, 17, 12, 5, ba murabba'i ko ɗaya. Haka 33, 57, 69, 77 da 93. Miyagun firam biyu idan suka haɗu suna ɓoye saurarsu, sai farfasawa ce ke tona su.

Samo murabba'an da kansu

Sanin cewa biyu ne daban, nuna su daban. Ga ƙaramar lamba, fara daga murabba'i mafi girma kana sauka kana duba ko abin da ya rage murabba'i ne, ka tsaya idan ka iso rabin lambar, domin daga nan maimaici ne. 1949 firam ce mai saura 1: cire 44² saura 13, a'a, cire 43² saura 100. Ga shi nan, 43² + 10².

Ga lamba mai firam da yawa, warware kowace firam ita kaɗai sannan ka haɗa da wannan ƙa'ida, wadda Brahmagupta ya sani a Indiya tun ƙarni na 7, Fibonacci kuma ya rubuta ta a 1225:

(a² + b²)(c² + d²) = (ac − bd)² + (ad + bc)² = (ac + bd)² + (ad − bc)²

Ɗauki 1921, shekarar da aka kafa kwalejin Katsina wadda daga baya ta zama Barewa ta Zariya. 1921 = 17 × 113. 17 = 4² + 1², 113 = 8² + 7². To a = 4, b = 1, c = 8, d = 7. Hanya ta farko: 32 − 7 = 25, da 28 + 8 = 36; 625 + 1296 = 1921. Hanya ta biyu: 32 + 7 = 39, da 28 − 8 = 20; 1521 + 400 = 1921. Kullum ka haɗa a ƙarshe ka tabbatar, domin musanya c da d a tsakiyar aiki abu ne mai saurin faruwa.

Firam mai saura 3 da ta fito sau biyu ba a saka ta cikin ƙa'idar, a gefe ake ajiye ta a ninka da ita a ƙarshe. A 1962: 109 = 10² + 3², a haɗa da 2 = 1² + 1² a samu 218 = 13² + 7², sannan a ninka 13 da 7 kowacce da 3. 39² + 21² = 1521 + 441 = 1962.

Idan firam ɗin babba ce, lalube zai gajiyar da kai. Akwai hanyar da ta samo asali daga Hermite da Serret a 1848, Brillhart ya gajarta ta a 1972. Nemo lamba x wadda x² + 1 ke rabuwa da firam ɗin. Sannan ka yi rabawar Euclid: raba firam da x, raba x da saura, haka dai. Lambobi biyu na farko a jerin, har da x kanta, da suka faɗo ƙasa da tushen firam ɗin su ne amsarka. Misali 1013. Tunda 45² + 1 = 2026 = 2 × 1013, x = 45. Raba 1013 da 45, saura 23. Raba 45 da 23, saura 22. Tushen 1013 bai kai 32 ba, don haka 23 da 22 ne: 529 + 484 = 1013. Rabawa biyu maimakon gwaji tara. Samun x ɗin ma da hanyarsa: cire 1 daga firam, raba da 4, ka ninka 2 da kanta sau adadin da ya fito, kana ɗaukar saura. Ga 29, 2 sau bakwai a jere ya ba da 128, saura 12, kuma 12² + 1 = 145 = 5 × 29. Idan 2 ba ta yi ba, gwada 3, sannan 5; rabin lambobin da ke ƙasa da firam ɗin suna aiki, ba za ka daɗe ba.

Ga mai uku, fara rabawa da 4 don lambar ta ƙanƙance, sannan ka cire murabba'i ka yi wa saura gwajin biyu. 2024 ta koma 506. Cire 22² saura 22, wato 2 × 11, ba ta yi ba. Cire 21² saura 65 = 8² + 1². Ninka 21, 8, 1 da 2: 42² + 16² + 2² = 2024.

Ga mai huɗu akwai gajeriyar hanya. Bayan rabawa da 4, lambar tana barin saura 7. Cire murabba'in lamba mara, abin da ya rage zai bar saura 6 a kan 8, kuma wannan kullum yana rubutuwa da uku. Kada ka cire murabba'in lamba mai rabuwa da 4, za ka koma inda ka fito. A 2023, 44² zai bar 87, wadda ita ma mai huɗu ce. 43² zai bar 174 = 169 + 4 + 1. Amsa: 43² + 13² + 2² + 1².

Yadda kason yake

Daga 1 zuwa 100: masu ɗaya 10, masu biyu 33, masu uku 42, masu huɗu 15. Aiki ne mai kyau a raba wa aji, kowane layi ya ɗauki lambobi ashirin, a haɗa a allo; idan jimillar ba ta ba da waɗannan ba, akwai wanda ya faɗa tarkon 21 ko na 14. Daga 1 zuwa 1000 kuwa: 31, 299, 505, 165. Masu huɗu suna zama kusan kashi ɗaya cikin shida har abada, domin 1/8 + 1/32 + 1/128 da sauransu suna taruwa a 1/6. Masu biyu suna raguwa, amma a hankali ƙwarai. Landau ya nuna a 1908 cewa adadinsu har zuwa x yana kusan 0.7642 sau x, a raba da tushen ln x (ln maɓalli ne a kalkuletar kimiyya). A can nesa, biyar cikin kowace lambobi shida masu uku ne, ko da yake teburin 100 na farko ba zai sa ka zaci haka ba.

Hanyoyi nawa? Lissafin Jacobi

Idan ana ƙirga sifili, jeri da alama duka, Jacobi ya ba da amsa mai tsafta. Ga murabba'i biyu: rubuta duk lambobi mara da ke raba lambarka n ba saura, ƙirga masu saura 1 a kan 4, cire adadin masu saura 3, ninka da 4. Ga 45, masu raba ta su ne 1, 3, 5, 9, 15, 45. Masu saura 1 huɗu ne (1, 5, 9, 45), masu saura 3 biyu. 4 × 2 = 8, wato 6² + 3² da juye-juyenta takwas. Ga 21, biyu da biyu ne, sifili. Ga 1921, huɗu ne duka masu saura 1, 16, hanyoyi biyun da muka samu kowacce sau takwas.

Wajen komawa ga hanyoyi na zahiri ne ake tuntuɓe. Ba kullum ake raba da 8 ba. Hanya mai sifili a ciki, ko mai lamba ɗaya sau biyu, juyi huɗu take da shi. 50 tana da 12: takwas na 7² + 1², huɗu na 5² + 5². Lambobin farko masu hanya 2, 3 da 4, ba sifili, su ne 50, 325 da 1105. Ta ƙarshen 5 × 13 × 17 ce, firam uku na farko masu saura 1, kuma ga hanyoyinta: 33 da 4, 32 da 9, 31 da 12, 24 da 23.

Jerin adadin hanyoyin murabba'i biyu, daga n = 0, shi ne 1, 4, 4, 0, 4, 8, 0, 0, 4, 4, 8, 0, 0, 8, 0, 0, 4, 8, 4, 0, 8, 0, 0, 0, 0, 12. Akwai hanyar duba shi da ido. A takardar giraf, kafa kamfas a mahaɗar layi ka zana da'ira mai nisan gida 5, ka ƙirga mahaɗan da ke ciki da waɗanda ke kan layin da'irar. Za ka samu 81, daidai da jimillar lambobin nan 26. Da nisan gida 10 za ka samu 317, a raba da 100 ya ba da 3.17, ga π ta fara leƙowa. Fensir mai kauri yana ɓata ƙirgar, musamman a mahaɗai 12 da ke kan layin sosai.

Ga murabba'ai huɗu: haɗa duk masu raba n waɗanda ba sa rabuwa da 4, ninka da 8. Ga 7, 1 + 7 = 8, sau 8, 64. Tabbatar: 2, 1, 1, 1, wurin 2 iri huɗu, alamomi iri 16. Ga 4, a bar 4 kanta, 1 + 2 = 3, amsa 24. Tunda 1 tana raba kowace lamba, amsar ba ta taɓa zama sifili, ka ga maganar Lagrange ta fito a ɓagas. Murabba'ai uku ba su da ƙa'ida mai sauƙi irin wannan, kada ka ɓata dare kana nema.

Hanyar tebur

Idan jeri gaba ɗaya kake so, ba lamba guda ba, tebur ya fi. Rubuta 0 a ƙarƙashin 0. Ga kowace n, koma baya da gida 1, 4, 9, 16 da sauransu, ɗauki mafi ƙanƙantar abin da ka tarar, ƙara 1. Ga 12: gidan 11 yana da 3, gidan 8 yana da 2, gidan 3 yana da 3. Mafi ƙanƙanta 2, amsa 3. A harshen kwamfuta na Python layi kaɗan ne. Amma ka sani, har zuwa miliyan ɗaya yana cin matakai kusan miliyan 667. Ga lamba guda babba, matakai ukun da ke sama sun fi shi nesa ba kusa ba.

Tebur ne kuma kaɗai hanyar kirki ta ƙirga duk hanyoyin haɗa n da murabba'ai ko nawa ne, ba ruwanka da jeri. Layi na farko, da 1 kawai ake aiki, kowane gida 1. Layi na biyu an shigo da 4: kowane gida shi ne abin da ke samansa, a haɗa da abin da ke gida huɗu baya a wannan layin. Layi na uku an shigo da 9, gida tara baya. Haka har murabba'an su ƙare. Daga 0 za ka samu 1, 1, 1, 1, 2, 2, 2, 2, 3, 4, 4, 4, 5, 6, 6, 6, 8, 9, 10, 10, 12. Gidan 25 yana da 19, gidan 100 yana da 1116.

Mai rubuta wannan a kwamfuta ya kula da wane zagaye ne a waje. Murabba'i a waje, n a ciki, shi ne daidai. Idan ka juya su, injin zai ƙirga 4 + 1 da 1 + 4 daban, ka samu 1, 1, 1, 1, 2, 3, 4, 5, 7, 11, 16. Gidan 5 ne ke fara nuna bambancin: 2 ko 3. Ba ƙarya injin ya yi ba, wata tambayar ya amsa.

Idan an canza sharaɗi

Hana sifili, ka ce sai murabba'ai huɗu cif, sai wasu lambobi su zame: 1, 3, 5, 9, 11, 17, 29, 41, da kuma 2, 6, 14 tare da duk abin da suka bayar idan ana ninka su da 4 (8, 24, 56, 32, 96, 224, ba iyaka). Ka ce biyar cif, kowace lamba sama da 33 tana yi.

Hana maimaici kuma, ko nawa ne amma kowane murabba'i sau ɗaya, sai a samu lambobi 31 kacal da suka gagara, kamar yadda Sprague ya nuna a 1948: 2, 3, 6, 7, 8, 11, 12, 15, 18, 19, 22, 23, 24, 27, 28, 31, 32, 33, 43, 44, 47, 48, 60, 67, 72, 76, 92, 96, 108, 112, 128. Tabbatar da 128 da hannu yana da daɗi. Cire 121 saura 7, tana cikin jerin. Cire 100 saura 28, ita ma. Cire 81 saura 47, haka nan. Cire 64 saura 64, wadda sai a haɗa ta da 49 zuwa ƙasa: 49 na barin 15, 36 na barin 28, 25 + 16 + 9 + 4 + 1 kuma 55 ne, bai kai ba. Idan babu 64, jimillar murabba'ai daga 1 zuwa 49 ita ce 140, sai an zubar da 12 daidai, 12 kuwa ba ta haɗuwa.

Don duba aikinka, ma'ajiyar jerin lambobi ta OEIS da Neil Sloane ya fara tarawa a 1964 tana intanet kyauta, ko a waya tana buɗewa. Rubuta lambobi goma zuwa goma sha biyu daga tsakiyar jerinka, da waƙafi tsakaninsu. Ka bar na farko-farko, domin wasu jerin daga 0 suke farawa wasu daga 1, kuma 1, 1, 1, 2 tana cikin dubban jeri. Na mafi ƙarancin murabba'ai lambarsa A002828, na masu buƙatar huɗu A004215, na masu rubutuwa da biyu A001481, na teburin haɗe-haɗe A001156. Idan binciken bai kawo komai ba, cire lambobi biyu na ƙarshe ka sake nema. Idan ya fito, kwatanta gida da gida har ka iso inda naka ya kauce.